Mayen Ƙarfe a Kafaɗar Baba

Takardar ta iso gidanmu a Illela ranar kasuwa, cikin damina, a hannun Baffa, ƙanen mahaifina da ke aikin gwamnati a Yamai. Ya tsallako iyaka da hantsi, takalminsa duk laka, bai ko jira an kawo masa ruwa ba ya zaro ta daga aljihu ya shimfiɗa a kan tabarma. Shafi biyu ce da Faransanci. Ya ce wani asibiti a Faransa ya yarda ya karɓi Baba, ya yi wata bakwai yana zirga-zirga kafin ya samu, abin da ya rage kawai a cike takardar a mayar cikin mako uku. Ni aka miƙa wa, don an ce rubutuna ya fi na kowa kyau a gidan. Lokacin ina hutu daga kwalejin horon malamai ta Sakkwato, inda nake karatun kimiyya.

Baba ya yi shekara biyu yana fama da ciwon kai. Magatakardan kotu ne har ya ajiye aiki, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarmu tun ban san kaina ba. Ciwon ya fara a hankali, daga baya ganinsa ya soma tsukewa ta gefe, har ya ce mana kamar daga cikin tulu yake leƙen duniya. Hannunsa na hagu ya riƙa sakin abu, moɗa, tazbaha, alƙalami. A Sakkwato an ɗauki hoton kansa, hoton bai nuna komai ba sai ƙashi. Likitan ya ce abin yana can ciki, inda hotonsu ba ya kaiwa.

Na'urar da za a sa Baba a ciki ba baƙuwa ba ce a wurina, ko da yake ban taɓa ganinta ba, kuma a lokacin ban ji wanda ya ce akwai irinta a ƙasarmu ba. Malaminmu na kimiyya, wani ɗan Indiya mai yawan tari, ya taɓa ara mini mujalla da bayaninta a ciki, na karanta har gefen shafukan suka yi laushi. Maganaɗisu ne, wato mayen ƙarfe, amma mai girman ɗaki, da rami a tsakiyarsa inda ake tura mutum a kwance. Waya ce aka nannaɗe, aka tsoma ta cikin wata iska da aka sanyaya har ta zama ruwa. A cikin irin wannan sanyin, wutar lantarki ba ta gamuwa da abin da zai tare ta. In aka sa ta sau ɗaya sai ta yi ta kewaya wayar, dare da rana, ba ta gajiya, ba ta raguwa. Na sha zama a ƙarƙashin dogonyaro a bayan ajinmu ina tunanin wannan wutar, tana gudunta ita kaɗai cikin sanyi da shiru kamar kogin da ba shi da gaɓa. Har waƙa na rubuta mata a bayan littafin lissafi. Ban taɓa zaton wata rana za ta shigo mana gida ba.

Baffa ne ya riƙa fassara tambayoyin ina rubutawa. Shekaru, nauyi, magungunan da yake sha. A ƙasan shafi na biyu akwai wata tambaya da aka ja wa layi. Baffa ya karanta ta da sauri, ya ce in rubuta a'a. Na roƙe shi ya maimaita. Ana tambaya ne ko akwai wani ƙarfe a cikin jikin majinyaci, komai ƙanƙantarsa, komai daɗewarsa.

Alƙalamina ya tsaya. Tun ina ƙarama ni ke yi wa Baba tausa in ya dawo daga kotu, don ya ce hannuna ba shi da nauyi. Na san kafaɗarsa ta dama kamar yadda na san hanyar rijiyarmu. Ƙarƙashin ƙashin wuya akwai ƙananan tabo a jere, kuma in na danna kusa da su nakan ji wani abu siriri mai tauri a ƙarƙashin fata. Duk lokacin da yatsana ya kai wurin sai ya ɗauke hannuna ya mayar da shi baya. Na taɓa tambayar Inna, ta ce tsagar ƙuruciya ce, kowa yana da ita, in daina surutu.

Na ce wa Baffa zan ƙarasa cikewa anjima, na rufe takardar a cikin littafi.

Bayan la'asar, kowa yana tsakar gida, na yi ƙarfin hali na yi bayani. Na ce wannan mayen ƙarfen ba abin wasa ba ne, yana iya fizgo gadon ƙarfe daga bakin ƙofa, in kuwa akwai ƙarfe a jikin mutum zai ja shi daga inda yake kwance, ya keta nama, ya huda jijiya. Na ce ya kamata a tabbatar kafin a rubuta. Ban ambaci kafaɗa ba. Baba yana kan buzunsa, idonsa a rufe.

Yayana, wanda ke da rumfar gyaran rediyo a bakin tasha, shi ya fara dariya. Ya ce in dai mayen ƙarfe ne ai ba sai an je Faransa ba, yana da su cike da kwali. Kafin in buɗe baki ya hau kekensa. Ya dawo da bakin wata babbar rediyo da ya kwance, wato lasifikarta, da baƙin mayen ƙarfen nan mai nauyi manne a bayansa. Maƙwabta biyu suka biyo shi, Goggo, yayar Baba, ta fito daga ɗakinta da kujerarta a hannu.

Ya fara da nuna mana ƙarfin abin. Ya watsa ƙusoshi a ƙasa ya tsince su, ya ɗauke allurar Inna daga cikin faifai, ya manna shi a jikin bokiti ya ɗaga bokitin. Sannan ya durƙusa gaban Baba ya nemi izini, ya soma bin jikinsa da shi tun daga hula. Baba yana sanye da taguwa da babbar riga mai aiki a wuya, ninki a kan ninki. Da aka zo aljihu sai makullan masallaci suka yi tsalle suka manne, tsakar gida ta ɗauki dariya. Goggo ta ce a bi ta kanta ita ma, ko a gano inda kwabbanta suka shige tun zamanin Turawa. Yaya ya bi ƙirji, ya bi kafaɗu, ya bi baya har ƙafa, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce an gama, malamar kimiyya ta rubuta.

Na ce wannan bai nuna komai ba. Abin da ke hannunsa ko ta cikin littafi mai kauri ba ya jan allura, balle ta riga biyu da fata da nama. Na ce in ma za a gwada, sai Baba ya tuɓe riga.

Maƙwabtan nan suka dubi ƙasa. Inna ta kira ni da sunan da take kirana in na yi abin kunya.

"Ke, a gaban mutane za ki ce ubanki shi tuɓe?" in ji Yaya. "Wanga karatu naki dai shina son shi hau miki kai."

Baffa ya shiga tsakani da murmushinsa na ma'aikaci. Ya ce kada in damu, ya san Turawan nan, in aka je zai yi wa likitan magana a rage ƙarfin na'urar, ko a kashe ta a kunna a hankali. Na ce ba a rage ta kamar muryar rediyo, kuma ba a kashe ta, a kunne take kullum. Ya dube ni da tausayi, ya ce shi ya zauna Yamai, ya je Faransa sau biyu, bai taɓa ganin wutar da ba a ɗaukewa ba. Aka sake dariya. Abin da na fi so a duk karatuna, shi ne ya zama abin ba'a a gidanmu, kuma ba ni da yadda zan nuna musu. Mujallar tana Sakkwato, da Turanci take, ko na kawo ta ma hoto kawai za su kalla.

Baffa ya koma Yamai ya ce zai dawo ya karɓi takardar ranar kasuwa ta biyu. Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Inna ta riƙa tambayata safe da yamma ko na cike, tana cewa kalma ɗaya ce fa, kalma ɗaya ta gagare ni bayan shekara goma sha huɗu ana kai ni makaranta. Yaya ya ce in ba shi ya rubuta da kansa. Na ɓoye takardar a ƙasan akwatina. In na zauna sai in ga laifina, in ce ƙila tsagar ƙuruciya ce kamar yadda aka faɗa, ƙila jijiya ce ta taurare. In na rufe ido kuma sai in ga Baba kwance cikin ramin nan, wani siririn abu yana motsi a ƙarƙashin fatarsa.

Goggo ce ta warware mini, ba da niyya ba. Muna tsinkar zogale a inuwar rumbu, tana ba ni labarin ƙuruciyarsu a ƙauyen Garu kafin kakanmu ya dawo da su gari. Ta ce in ga Baba yanzu kamar ruwan randa, amma da yana saurayi ba mai iya masa. Ya bi 'yan tauri shekara biyu, wuƙa ba ta kama shi, ranar wasa yakan goga takobi a ciki mutane suna ihu, har sai da kakanmu ya je da kansa ya kamo shi ya damƙa wa malamai. Ta kai nan sai ta kama bakinta. Ta ce zogalen nan ya yi tsufa, in je in ɗebo ruwa.

Washegari da hantsi na kai wa Baba kunu ɗakinsa. Na ajiye, ban fita ba. Na zauna a bayansa na fara masa tausa kamar da, na kai yatsana wurin, na bar shi a nan. Wannan karon bai ɗauke hannuna ba.

"Mi kike son ki ji, uwata?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Baba, mene ne a nan?"

Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take. Ya ce allurai ne. Wani tsoho ne a bayan Tozai ya tsaga masa fata ya cusa su, ya ce muddin suna jikinsa ƙarfe ba zai ci ɗan'uwansa ba. Shekarunsa goma sha tara lokacin. Bai san ko nawa ne ba, don idonsa a rufe yake. Ya tuba tun kafin a haifi Yaya, ya yi azumi, ya yi sadaka, amma bai taɓa samun fuskar da zai je gaban wani ya ce a cire masa ba. Inna ma tabon kawai ta sani.

Na ce masa abin mai sauƙi ne. A ɗauki hoton kafaɗar a Sakkwato, irin wanda aka ɗauka na kansa, ƙarfe yana fitowa fes a irin wannan hoton. In babu komai sai in rubuta a'a da zuciya ɗaya. Ina jin ya yarda ne don yana fatan shekara arba'in sun cinye su.

Muka ce wa mutanen gida za mu canjo tabarau. Muka shiga motar safe, ni da shi, gero kore shar a hagu da dama, shi kuwa ba ya ganin komai sai abin da ke gabansa tsaye. A asibiti ya tuɓe rigar a bayan labule, gaban wani ma'aikaci da bai san shi ba. Bayan azahar aka miƙo mana hoton a cikin ambulan. Muka zauna a kan dakali a inuwa, na ɗaga shi sama. Ga ƙasusuwan Baba kamar rassan itace cikin hazo, ga wasu fararen layuka sirara a ƙarƙashin ƙashin wuya. Uku a jere. Ɗaya ta bar 'yan'uwanta ta matsa sama, ta kwanta a gicciye a gindin wuya.

Ya karɓa ya kai kusa da fuska, ya kasa gani. Ya ce in ƙirga masa. Na ce huɗu.

Na fara tsara masa yadda za a yi. A rubuta e, a haɗa da hoton, a liƙe ambulan, likitocin can su yanke shawara. Ya yi 'yar dariya, ya tambaye ni ko na manta yadda takarda ke tafiya a garinmu. Ban manta ba. Hoton kansa na farko mako guda ya yi yana yawo a unguwa, daga zaure zuwa zaure, kowa ya ɗaga shi ga rana ya faɗi abin da ya gani. Wannan kuwa sai ya bi ta hannun Baffa, wanda ba ya ɗaukar abin da bai buɗe ba, ya bi ta hannun masu bincike a bakin iyaka, waɗanda rabinsu a bayan Baba suke salla. Kuma duk wanda ya girma a ƙasarmu ya ga allura huɗu a kafaɗar namiji ba sai an yi masa fassara ba. Shekara ashirin yana tsayawa gaban mutane yana ce musu wannan abin shirka ne, ya sa samari sun ƙone layunsu a ƙofar masallaci.

Na ce to a bar hoton, in rubuta e kawai. Ya ce Baffa ya iya karatu, zai tambaya wane ƙarfe.

"In na shiga da su haka nan, ba wanda ya sani, mi za ya faru?"

Na faɗa masa abin da na karanta, ban rage komai ba. Na ce ta gindin wuyan nan kusa take da manyan jijiyoyi. Na faɗa da ƙarfi, har da kwatance da hannu, don ina son ya ji tsoro ya yarda a faɗi gaskiya. Ya ji tsoron kuwa, amma ba inda na so tsoron ya kai shi ba. Ya mayar da hoton cikin ambulan ya miƙo mini.

"Aje wanga inda ba mai gani. Ba ni zuwa."

Na roƙe shi a kan dakalin, na roƙe shi a tasha, na roƙe shi a mota har wata mata da ke kusa da mu ta ce in ƙyale tsoho ya huta. Na ce ganinsa ne fa, ransa ne. Ya ce ya sani. Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba muddin yana raye.

Ranar da Baffa ya dawo, Baba ya tara mutanen gida ya ce ya yi istihara, ba ya son ya mutu a ƙasar da ba a kiran salla. Ba wanda ya yarda da wannan dalilin, don mako biyu kafin nan shi da kansa ya sa a ɗinka masa rigar sanyi. Duk suka juyo suka dube ni. Baffa ya karɓi takardarsa, ya duba gurbin da na bari fari, ya ninke ta huɗu. Ya ce wata bakwai ya yi yana bin ofisoshi, yarinya ta rushe shi da mujalla. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina aikena, wanda ya fi faɗan ciwo. Yaya ya yi kusan shekara in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Amsar tana ƙasan akwatina, a cikin ambulan, kullum ina jin nauyinta, ba halin in fito da ita.

Abin da ya fi ci mini rai ban san shi ba sai bayan shekara biyu, lokacin ina koyarwa a Sakkwato. Na tambayi wata likita da ta yi karatu a waje, ban ce mahaifina ba ne. Ta ce ai da mutumin ya je, da sun gan su da kansu kafin su sa shi a ciki, kuma suna da wata na'urar ta ɗaukar hoton cikin kai wadda ba ruwanta da maganaɗisu. Allurar ma ƙila cikin rabin awa za su zare ta, a ɗaki a rufe, a garin da ba wanda ya san shi liman ne. Mujallata ba ta faɗi wannan ba. Na'ura ɗaya na sani, na ƙaunace ta, na ɗauka ita ce duka asibitin. Na koma Illela a ƙarshen makon na faɗa wa Baba. Lokacin ganinsa ya tafi gaba ɗaya, ba ya iya zama sai an tallafe shi, Baffa kuma an yi masa canjin wurin aiki. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya yi mini albarka, in gyara masa matashi.

Ya rasu da damina ta gaba. Yaya yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Bayan an dawo daga maƙabarta ya same ni a bayan rumbu ina wanke kwanonin baƙi. Ya tsaya a kaina, hannunsa na dama yana murza yatsunsa.

"Nawa ne?" ya ce.

Na ce huɗu. Ya ce shi biyu ya ji a wurin wanka. Ya tambaya ko tun ranar gwajin nan na sani, na ce tun bayanta da kwana shida. Ya ce da na faɗa masa, da ya san yadda zai ƙetare da hoton ta hanyar gona ba wanda ya gani, ya kai Yamai da kansa ya sa a gidan waya. Na ce Baba ya hana. Ya ce ai da ban tambayi Baba ba. Na ci gaba da wanke-wanke.

Baƙin ƙarfen rediyon nan bai koma rumfar Yaya ba. Tun ranar gwajin wani ya manna shi a jikin ƙyauren ɗakin Inna, ya zauna a nan. Ita kuwa ta ga ya yi mata amfani, in ta gama ɗinki sai ta liƙa allurarta a jikinsa don kada ta ɓace. Duk zuwan da na yi gida har ta bar duniya, sai na wuce ta gabansa kafin in shiga in gaishe ta.